Goggo Ashana da Zaren Autansu

Ranar da na fara buɗe rumfar maɓallai a layin 'yan tufafi, ko gama jera kwalaben maɓallan ban yi ba sai na ji ana jan rigata ta baya. Na waiga a fusace, na ɗauka wani mara kunya ne. Ashe wata dattijuwa ce gajeruwa, tabarau a ƙarshen hanci, ta tsinko zare daga bakin suwaitata tana ɗaga shi sama tana dubawa. Ko sannu ba ta ce min ba. Ta zaro kwalin ashana daga ƙugunta, ta ƙyasta, ta kara wa zaren wuta. Zaren ya nannaɗe, ya yi baƙi, ya ɗiga a ƙasa.

"Leda ce," in ji ta. "Leda kika sa a jikinki, 'yar nan. Sannu da zuwa, ni ce maƙwabciyarki."

Haka na san Goggo Ashana. Sunan da duk layin ke kiranta ke nan, kuma ba ta jin haushinsa, in ka kira ma sai ta amsa da "na'am" har da ɗaga kwalin. Rumfarta na manne da tawa. A ciki akwai keken saƙa guda, wanda hannunsa ya suɗe don tsufa, sai kantoci cike da dunƙulen ulu: fari mai ɗan duhu, ruwan ƙasa, baƙi, da kaɗan da aka rina ja da shuɗi. Tana saƙa rigunan sanyi, huluna, safa da ƙananan barguna na jarirai. Duk zaren daga wuri ɗaya yake zuwa, wato ƙaramar masana'antar ulu da mahaifinsu ya kafa a bayan gari, wadda ƙanenta ke riƙe da ita yanzu. Mutumin ya yi furfura har a gira, amma ita har gobe Auta take ce masa.

Babu wanda ya tsira daga ashanar nan. Mai karɓar harajin kasuwa ya sha. Wani ango da ya zo sayen hula ya sha, a gaban amaryarsa. Har surukinta, ranar da ya zo gaishe ta ya durƙusa, kafin ya ɗago ta riga ta tsinko zare daga wuyan rigarsa. Shi ya sa in ka ga mutum ya zo daidai rumfarta ya naɗe hannun riga ya ƙara sauri, to ɗan layin ne.

Ni kuwa Allah ya yi ni da son jin ƙwaƙwaf. Ba na iya ganin abu in kawar da kai. Cikin ɗan lokaci na ishe ta da tambaya har ta laƙaba min suna Ƙwaƙwaf, sunan ya bi ni har gida, 'ya'yana ma in ba na kusa haka suke ce min. Amma ita ma tana son a tambaye ta, kada ta ruɗe ku.

"Goggo, wai me kike gani a wutar nan?"

"Ba gani ba ne kaɗai, har da shaƙa. Matso." Ta ƙona wani guntun gashin tunkiya da take ajiyewa a gwangwani don koyar da irina. "Kin ji? Ƙaurin gashi, kamar ana babbaka. Dubi yadda wutar ke cin sa da ƙyar, kina janye ashana ta mutu da kanta. Taɓa tokar." Na taɓa, ta murtsuke a yatsana kamar gawayi mai laushi. "To, wannan shi ne ulu. Roba kuwa narkewa take, ta dunƙule, ta yi tauri. In a jikin mutum take, sai ta manne da fata ta tafi da ita."

A wurin mahaifinsu ta koya. Shi ne, in ji ta, in fatake suka kawo yadi suna rantsuwa ulu ne, ba ya musu da kowa, ashana kawai yake ƙyastawa. Da ya rasu, Auta ya gaji injuna, ita ta gaji kwalin ashana. Ta ce ita ta fi cin riba a gadon, don nata ba ya cin man inji.

In kana son ka ji wa'azi, ka ce mata na waje ya fi araha. Nan take za ta dakatar da keke.

"Araha ba ta ado! Tunkiya tana nan bayan gari. Makiyayi ya aske, mai wanki ya wanke, Auta ya kaɗa, mai rini ya rina, ni in saƙa, ke Ƙwaƙwaf ki ba da maɓalli. Riga guda, gida nawa ta ɗora wa tukunya? Amma sai mutum ya kwashi guminsa ya aika wa wanda ko sunansa bai sani ba, a aiko masa da leda. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi."

Ni kuma ba na barin ta ta sha da daɗi. "To Goggo, ashanar fa, ta ina ce?"

"Ta gida ce. Na duba kwalin."

"Tabarau fa?"

"Ke dai Allah ya shirye ki. Ranar da tunkiya ta fara haifar gilashi, ki zo ki faɗa min."

Muna dariya, amma abin da ke ƙasa ba na dariya ba ne. Layin namu da can masu saƙa ne gaba da baya. A idona suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya, 'yan gwanjo suna maye gurbinsu, kullum ana fasa dila, rigunan sanyi tuli har ƙasa. Masana'antun ulu na bayan gari duk sun rufe, saura ta Auta. Shi ma masu sayen tsofaffin ƙarafa sun fara kai masa ziyara, suna shafa injunan suna tambayar nauyinsu. Ya faɗa wa yayarsa ƙiri-ƙiri: in sanyin bana ya wuce babu wani babban aiki, zai sayar ya huta. Tun daga ranar Goggo ta rage surutu. In ta ga baƙo ya shigo layin, sai ta miƙe tsaye tun yana nesa.

Babban aikin kuwa ya zo da ƙafarsa, wata safiya da sanyi ya fara shiga. Shugaban ƙungiyar masu shayi ne, wani dogo mai fara'a, tare da mutum biyu. Ya ce mutanensa tun kafin gari ya waye suke fita, su zauna gaban wuta har hantsi. Bara tartsatsi ya faɗa wa wani daga cikinsu a hannun riga, rigar ta narke ta kama masa fata, har yanzu hannun bai koma daidai ba. Don haka ƙungiya ta yanke a yi wa kowa rigar sanyi iri ɗaya, wadda wuta ba ta narkawa. An ce masa ya zo wurin mai ashana.

Wayyo, ku zo ku ga Goggo! Ta goge kujera da gefen zaninta, ta aike ni in kawo ruwa, kamar ni ce 'yar aikinta. Mai gwanjon da ke kallonmu ya matso da riga a kafaɗa yana cewa shi ma yana da masu kauri. Goggo ta tsinko zare daga kayan nasa ta ƙyasta. Ya narke, ya ɗiga. Masu shayi suka yi salati, mai gwanjo ya ja tsaki ya koma rumfarsa.

"To Goggo," in ji Shugaba yana murmushi, "naki fa?"

A nan wani abu ya faɗo min a rai. Duk zaman da muka yi, na ga ta ƙona rigar kowa, na ga ta ƙona gashin gwangwani, amma ban taɓa ganin ta ƙona zaren kantarta ba. Ko sau ɗaya. Me zai sa ta ƙona? Daga hannun Auta yake zuwa.

"Nawa?" Ta yi dariya. "Gani ya kori ji."

Ta yanko daga sabon dunƙule ruwan ƙasa, ta ƙyasta. Ƙauri ya tashi. Shugaba ya shaƙa ya gyaɗa kai.

"Ai kuwa ga ƙaurin gashi nan! Shi ke nan, magana ta ƙare. Yaushe za a fara awo?"

Shi hancinsa ya yi aiki da shi. Ni da ke tsaye a kafaɗarta na ga abin da bai gani ba: bakin zaren ya ɗan nannaɗe, wani baƙin ɗigo ƙarami kamar ƙwayar gero ya faɗa kan tebur. Goggo ta ɗora yatsa a kai ta murza. Bai murtsuke ba. Ta yanko daga farin, ta ƙyasta. Haka. Ta yanko daga jan. Haka. Har ashana ta ƙone mata yatsa ba ta ji ba.

Wallahi a zuciyata cewa nake, Goggo yi shiru! Rufe da tafin hannu! Mutumin ya gamsu, aikin ya zo, injunan Auta za su tsira. Har taka mata ƙafa na yi a ƙarƙashin tebur.

Ta cire tabarau ta ajiye. "Shugaba, kada ka ba ni aikin nan. Zaren nan da haɗi. Akwai gashi, akwai roba. In tartsatsi ya faɗa masa, ban san abin da zai yi wa yaranka ba."

"Goggo, wasa kike?"

"Da gashin kaina fari zan yi maka wasa da wuta?"

Ya miƙe daga kujera. Sannan ya ce ya gode da gaskiya, amma sanyi ba ya jiran kowa, dole su nemi mafita. Suka yi sallama suka fita. Ita kuwa ta tattara baƙaƙen ɗigon nan a ƙullin gefen mayafi, ta ja ƙofar rumfa ta kulle da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ba. Ban tambaye ta ina za ta ba. Na bar wa maƙwabcina mai sayar da zif amanar kwalabena na bi bayanta. Ta waigo ta gan ni, ta ce, "Dama na san ko kabari zan shiga sai kin leƙo."

Ban taɓa shiga masana'antar ba sai ranar. Tun daga ƙofa warin maiƙon tumaki da sabulu ya tare ni. A tsakar gida akwai dogon kwamin siminti inda mata biyu ke wanke gashi, ruwan ya koma kamar kunun laka, suna tsince ƙaya da hannu. Can gefe an shanya wanda aka wanke a kan ragar waya. A babban ɗaki inji ɗaya yana tsefe gashin yana fito da shi lallausa kamar hayaƙi, wani dogo kuma yana kaɗa shi ya zama zare, ƙwarƙwaro jere suna juyawa har idona ya fara juyawa tare da su. A kusurwa ga wani ƙaramin inji an lulluɓe shi da buhu, Goggo ta ce shi ne na farko da mahaifinsu ya fara da shi. Ni fa har na manta abin da ya kawo mu, ina ta tambayar wannan me yake yi, wancan me yake yi. Sai da na hango wasu fararen buhuna masu sheƙi a bayan ƙofa, da rubutun da ba na iya karantawa, sannan na tuna.

Auta ya fito yana goge hannu da tsumma, farin gashi ya manne masa a gemu. Ya ga fuskar yayarsa, ya kashe injin da kansa. Ɗakin ya yi tsit.

Ta kwance ƙullin mayafi ta zube masa ɗigon a tafin hannu. "Mene ne wannan, Auta?"

Bai yi musu ba. Ya dubi tafin, ya dubi buhunan bayan ƙofa.

"Tun yaushe?"

"Tun bara, Yaya."

"Tun bara! Tun bara nake rantsuwa da kabarin Baba ina sayar wa mutane leda?"

"Ba leda ba ce zalla, kaɗan nake—"

"Kaɗan! Kashin ɓera ma kaɗan ne a cikin tukunya!"

Sai shi ma ya hau. Ban san yana da murya haka ba. "Yaya, ke kina rumfa kina wa'azi, ni nake nan! Makiyaya sun daina kawo gashi, sun ce wahalar askin ta fi amfaninsa, tunda masu saye duk sun rufe. Abin da ke zuwa ba ya cika cikin injin nan na yini guda. In ban haɗa ba, matan can da kike gani da tuni suna gida. Ke ma da tuni kantarki ta bushe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo!"

"Me ya hana ka faɗa min?"

"Ke ana faɗa miki magana? Kullum ina jiran ranar da za ki ƙyasta wa zarena ashana in huta da ɓoyo. Kin ƙona rigar duk garin nan, ba ki taɓa ƙona taki ba."

Wannan maganar ta shige ta. Ta faɗa masa aikin masu shayi ya zo, kuma ta mayar. Auta ya zauna a kan buhu ya riƙe kai. Tausayinsu duka biyun ya kama ni har na rasa wanda zan ba gaskiya, ni da ba na rasa bakin magana.

A hanyar dawowa, da muka kusa layi, ta juyo gare ni. "Laifi tudu ne, Ƙwaƙwaf," in ji ta. "Ciro rigar nan da ke jikinki, bara na saƙa miki ita."

"A tsakiyar titi, Goggo?"

"To, in mun isa."

Ba ni kaɗai ba. Ta san saƙarta ko daga nesa, don haka ta shiga farautar rigunanta a gari. In ta hango ɗaya a jikin mutum, sai ta tare shi ta tsinko ta ƙyasta. In ya narke, ta faɗa masa gaskiya, ta ce ko ya dawo da ita ko ya riƙe, amma kada ya kusanci wuta da ita. Bargunan jarirai kuwa ba ta ba da zaɓi ba, gida-gida ta bi ta karɓo su. Wasu suka yaba, wasu suka yi mata dariya, mai gwanjo ya samu abin faɗa har sanyi ya fita. Masu shayi suka sayi nasu a wani wuri. Wata ranar kuma muka ga babbar mota ta wuce ta bakin layi ɗauke da dogon injin kaɗi, an kwance shi gunduwa-gunduwa. Goggo ta bi motar da ido har ta sha kwana, ta shiga rumfa ta yi kuka, ni ma na taya ta.

Tsakaninta da Auta ko gaisuwa ta ɗauke. Na ce mata hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta ce ita ba ta yanke ba, ajiyewa ta yi.

Kantoci ba zare, keke ya tsaya. Na ɗauka shi ke nan, za ta koma gida ta yi renon jikoki. Ina! Sai ga ta ranar kasuwar dabbobi da ƙaton almakashi a jaka. Na bi ta, ba sai an faɗa ba. Tana bin makiyaya ɗaya-ɗaya tana shafa bayan tumakinsu, tana koya musu yadda za su aske ba tare da ƙaya da ƙasa ba. Ta yi musu alkawari: duk wanda ya kawo buhu mai tsabta, bayan haƙƙinsa, za ta saƙa masa hula da gashin tunkiyarsa. Wani tsoho ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shekara da shekaru yana bin tunkiya, yau kuma tunkiya za ta hau kansa. Amma mako na zagayowa shi ya fara kawowa.

Gashin ba yawa. Abin da ta tara, sai ta ɗauki mai kura ya kai ƙofar masana'anta, a jingine buhun a bango, ta juyo ba tare da ta shiga ba. Ta yi haka ya fi a ƙirga. Ba ta san ko Auta na ɗauka ba, ba ta san ko akwai sauran injin da ke motsi a ciki ba. Ni na so in leƙa in gano mata, ta ce in na kuskura za ta ƙona min ɗankwali.

Sanyi ya fita, zafi ya shigo, ba mai neman rigar sanyi. Wata safiya ina jera kwalabe sai na ga mutum tsaye a bakin rumfarta da ƙaramar jaka. Auta ne. Ya rame, hannuwansa duk baƙin mai. Bai yi sallama da ƙarfi ba. Ya zaro dunƙulen zare guda, fari mai ɗan duhu, kaurinsa ba daidai ba, wani wuri siriri wani wuri da ƙulli. Ya ajiye a kan tebur.

Goggo ta ɗauka ta juya shi. "Wannan ai kaɗin ƙaramin injin Baba ne."

"Shi ya rage. Na tashe shi."

Na ga hannunta ya nufi ƙugu inda kwalin yake, sai ya tsaya. Kunya ce ko tsoro, ban sani ba, amma ta kasa. Matar da ta ƙona rigar surukinta yana durƙushe, yau ta kasa.

Auta ya sa hannu a aljihu ya fito da sabon kwalin ashana, ko buɗe shi ba a yi ba. Ya ɗora a kan zaren.

"Ƙyasta, Yaya."

Ta ƙyasta. Wutar ta kama da ƙyar, ta mutu da kanta. Ƙauri ya cika rumfar har ya shigo tawa. Ta ɗora yatsa a kan tokar ta murza, ta murza, ta sake murzawa, ba abin da ya rage sai baƙi a fatarta. Ta ɗaga yatsan ta nuna min, hawaye na bin gefen tabarau.

"Ƙwaƙwaf, tsayuwar me kike? Ba ƙanena kujera."

Na kawo. Ya zauna, ta tura masa kofin ruwanta, tana ta shafa dunƙulen nan da bai isa ko hula biyu ba.

"Na gaba ma sai na ƙona, Auta."

"Na sani, Yaya," in ji shi. "Katan guda na sayo miki na ashanar, yana gida."